Abincin 'yan salwa a Toyohashi da namu na gida

A Toyohashi, garin da ya yi suna wajen ƙwan salwa a Japan, ɓawon kawa ma, da ake ba salwa don kalsiyam, sai an niƙa shi, an ƙulla a leda, an yanka masa kuɗi mai tsada. Abin ya tsaya mini a rai. Mu a gida ƙashi na zube a bayan mahauta, mai shayi kuwa godiya zai yi idan ka kwashe masa ɓawon ƙwai.

Sai dai masu kiwon Toyohashi sun san ranar da ake buɗe ledar. Ɗan salwa mai tasowa furotin yake buƙata, kashi 24 cikin ɗari, kalsiyam kuwa kashi 0.8 ya wadatar da shi. Sai tsuntsuwa ta kusa fara ƙwai, wajen mako 6, ake sauke furotin zuwa kashi 20, a ɗaga kalsiyam zuwa 2.5. Mu kuwa, ko da yake cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta shigo mana da wannan salwa tun 1992, har yau da yawanmu abincin kajin ƙwai muke zuba wa 'yan kwana uku. Furotin ɗinsa ya yi musu kaɗan, kalsiyam ya yi yawa, ga tsumburewa ga lalacewar ƙoda. A nan kam ina kishinsu.

Amma fa waken suya da masara da jirgin ruwa ake kawo wa Japan yawancinsu, mu kuwa daga gonarmu suke fitowa. A furotin, masara ba ta wuce kashi 9 ba, dusa ma ba ta kai ka ko'ina, saboda haka a ƙarfafa haɗin da tunkuza, wadda ta haura kashi 40. A guji mai hunhuna, dafi ce. Waken suya sai an soya, ɗanye yana hana narkewar abinci. A ƙara garin kifi ko gara, don tunkuza kaɗai ba ta cika komai ba. A niƙa sosai, bakinsu ƙarami ne.

Abin da suke saye a leda mu kyauta muke da shi. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka, a ƙona ƙashi a mayar gari. Daga mako na 5 zuwa na 6 a fara ajiye shi a wani mazubi daban, mai buƙata za ta ci da kanta.