Matattakalar da ta koya mini sauraron 'yata

Yau labarin wata matattakala zan ba ki, da abin da na tsinta a kanta.

A shekarar 2019 karatu ya kai maigidana ƙasar Japan, ni da yara muka bi shi, muka zauna a birnin Tokyo. 'Yata ta fari, wadda kunya ba ta barina in kama sunanta, shekararta 14 a lokacin. Tun da muka sauka ta zama shiru-shiru. Ba ƙawa, ba yaren gari, da ta dawo daga makaranta sai ta shige ɗaki ta duƙufa kallon katun ɗin Japanawa da ake kira anime. Ni kuwa kullum faɗa, "Ke ba ki da aiki sai kallon zane?" Amma ban taɓa tambayarta abin da ke ciki ba.

Wata Asabar ta same ni a kicin, ta ce, "Umma, don Allah ki raka ni unguwar Yotsuya in ga wata matattakala." Na ce, "Ta gidan nan ba ta ishe ki ba?" Yadda ta sunkuyar da kai ne ya sa na ɗauko mayafina.

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Yotsuya-sanchome, muka taka kamar minti 10 ta cikin lunguna. Da muka isa, ban ga abin a zo a gani ba: matattakala ce kawai mai jan ƙarfen dafawa, gidaje a gefe, wayoyin lantarki a sama. Sai ta buɗe mini hoto a wayarta. Wallahi 'yar'uwa, wurin ne sak, har jan ƙarfen. Ashe a nan aka zana ƙarshen fim ɗin Kimi no Na wa, wanda Makoto Shinkai ya fitar a 2016. Masu zanen kan fita da kyamara su ɗauki tituna na gaske, sannan su zana su dalla-dalla. Shi ya sa masu kallo ke bin sawun wuraren, al'adar da suke kira "seichi junrei", wato ziyarar wurare masu tsarki. Na ce mata mu dai buɗe ido muka zo yi, kuma ba mu shiga wurin bautar Suga da ke saman matattakalar ba.

Muna nan sai ga wata tsohuwa da ledar cefane ta tsaya jiran masu ɗaukar hoto su ba ta hanya. Na ja 'yata gefe, na tuna mata cewa wurin da ya zama fim a idonta, unguwar wasu ce. Irin wannan cunkoson ya daɗe yana damun mazauna Kamakura, inda masoyan katun ɗin Slam Dunk kan tare titi a wata mararrabar jirgin ƙasa don ɗaukar hoto.

A hanyar dawowa ta ba ni labarin fim ɗin: wata yarinyar ƙauye da wani yaron birni ne suke farkawa kowa a jikin ɗayan, su wuni cikin mutanen da ba su sani ba. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Umma, ni ma haka nake ji a makaranta, kamar na farka a rayuwar wata." Jikina ya yi sanyi. Wata da watanni ina faɗa a kan allo, ashe kaɗaici ke cin yarinyar.

A daren muka kalli fim ɗin tare. Akwai wuraren da ban ji daɗinsu ba, na faɗa mata dalili, ta kuma karɓa, domin ni na fara sauraron ta.

Uwargida, ba sai kin je Japan ba. Yau idan kin ga ɗanki ya ƙura wa waya ido, kafin ki ƙwace, zauna kusa da shi ki ce ya ba ki labarin abin da yake kallo. A nan za ki san abin hanawa, ki kuma ji abin da bakinsa ya kasa faɗa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.