Minti Ɗaya Da Malafa

A watan Fabrairun bara 'yata ta dawo daga makaranta da wata takarda da ake so in sa wa hannu. Tana aji uku na firamare a wani gari kusa da Washintan, inda aiki ya kawo mu. Takardar ta ce kowane ɗalibi zai zaɓi wani shahararren mutum, ya karanta tarihinsa, sannan a ranar da aka tsayar ya zo cikin shigar mutumin.

Al'ada ce da ta yaɗu a makarantun firamare na Amurka, ana kiranta gidan mutum-mutumin kaki. Akan jera yara a zauren taro, kowa ya daskare, da ɗan maɓallin takarda manne a hannunsa. Iyaye suna zagayawa. Wanda aka taɓa maɓallinsa sai ya motsa, ya ba da labari da bakin mai tarihin na kamar minti ɗaya, ya sake daskarewa. Manufar ita ce yaro ya koyi bincike, da tace bayani, da magana a gaban jama'a.

A bayan takardar akwai jerin sunaye: Abraham Lincoln, Rosa Parks, Neil Armstrong da makamantansu. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago kai ta ce, "Umma, mu ba mu da kowa ne?"

Na ce muna da Nana Asma'u. Ta ɗauko fensir ta zuba mini ido. Na ce 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, malama ce, ta rubuta waƙoƙi. Daga nan bakina ya mutu. Ni da na yi digiri a aikin jarida, zan iya faɗa mata cewa ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama Rosa Parks a Montgomery don ta ƙi tashi daga kujerar bas, amma ba ni da abin cika minti ɗaya a kan matar da na tashi ina jin sunanta a makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Dalilin bai ɓuya ba. A laburaren makarantarsu akwai kantoci cike da tarihin mutane, an rubuta su daidai fahimtar ɗan shekara takwas, da hotuna da manyan baƙaƙe. Aikin da mutum ya yi ba ya isa ga yara da ƙafarsa, sai wani ya zauna ya rubuta musu shi da harshensu. Ba mu sami irin wannan littafi a kan Nana Asma'u ba, don haka muka koma ga na manya, musamman tarin rubuce-rubucenta da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997. Ina karantawa da dare, ina sauƙaƙa mata da safe. A nan na san an haife ta a Degel a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke kai karatu ga matan ƙauyuka.

Da na ba mahaifiyata labari ta waya, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ke yanzu baiwar Allah irin wannan za ku mayar wasan kwaikwayo?" Na so in yi musu, amma na ga tana da hujja. A wurin malamar ajin, shiga kamannin mutum girmamawa ce. A wurin Hajiya, ba kowa ake kwaikwaya ba. Mafita ta fito daga cikin tarihin kansa: alamar jaji ita ce malafa da jan rawani. Muka nemi izinin malamar, ta amince 'yata ta zo a matsayin jaji, ta ba da labarin malamarta.

Ranar taron ta tsaya tsakanin wani yaro mai doguwar hula da gemun roba da wata mai kayan 'yan sama jannati. Malafar hular kaba ce da muka saya a kanti, muka naɗa mata jan ƙyalle. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka taɓa maɓallinta. Wata uwa ta roƙi a rubuta mata sunan a takarda.

Na aika wa Hajiya bidiyon. Ta ce an yi kyau, sai dai naɗin rawanin ya karkace. Ni kuwa tun daga ranar na buɗe wani littafi ina jera sunaye: Sarauniya Amina, Malam Aminu Kano, Hajiya Gambo Sawaba, Abubakar Imam. A gaban kowane suna ina gwada rubuta abin da ɗan shekara takwas zai iya faɗa cikin minti ɗaya. Zuwa yanzu biyu kawai na kammala.