Wani Ɗan Kifi A Gaɓar Sudan

Alhazanmu na dā da suka bi ta Sawakin zuwa Jidda sun san Bahar Maliya ta sama, amma kaɗan ne suka san abin da ke ƙasanta. Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai tsibirin murjani, Sanganeb, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016.

A wannan teku ne wani siririn kifi yake zaune, masana suna ce masa Malacanthus brevirostris. Tsawonsa bai cika wuce santimita 30 ba, da baƙaƙen zane biyu a wutsiyarsa. Bibbiyu suke zama. Sukan haƙa rami cikin yashi ƙarƙashin dutse, su yi kiwon ƙananan halittu a bakin ƙofa. Da sun ga motsi sai su faɗa ciki da kā.

To, jama'a, ɗumamar ruwan teku tana kashe murjani, murjani kuwa shi ne garkuwar wannan unguwa. In katanga ta faɗi, ina mai ɗaki zai fake? Allah Ya kiyaye.