Hoton Waya: A Rage Ɗa, A Bar Uwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata wauta da na tabka, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinta. Masu magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A shekarar 2022 ɗana ya nemi shiga wata makaranta a Gusau. Takardar neman shiga kuwa sai a intanet ake cika ta, a haɗa da hoton fasfo. Muka ɗauki hoto da waya, muka tura har sau biyar yana dawowa, wai ya yi nauyi. Su ba su karɓar abin da ya wuce kilobait 50, namu kuwa ya kai megabait 3, watau wajen kilobait 3,000, ninki 60 ke nan. Sai da muka je wani shagon kwamfuta a nan Tsafe, wani yaro ya rage shi kafin ƙiftawa da bismilla. Na ce ya koya mini, ya kuwa koya mini.

To, daga nan ne guntun sani ya cuce ni. Da wayata ta cika, sai na bi hotunan ciki duka na rage su, na share na asali, ina jin na yi dabara. A cikinsu akwai hoton mahaifina wanda na ɗauka a zauren gidanmu na Bunguɗu ran Babbar Sallar shekarar nan, ya naɗa rawani, yana murmushi. A 2023 Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki, Inna ta ce in wanko mata hoton nan babba, ta rataya a ɗaka. Na tafi Gusau wurin wani mai hoto. Da takarda ta fito, sai ga Baba kamar wanda aka hango daga nesa cikin hazon hunturu. Gabana ya faɗi.

Mai hoton nan, Allah ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni ya warware mini. Ashe hoton waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu launi, waɗanda ake kira fiksil, an jera su kamar ɗinkin hula. Hoton da wayata ta ɗauka yana da ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, miliyan 12 ke nan. Masu bugawa kuwa suna son ɗigo 300 a kowane inci in ana so ya fita tas. Saboda haka hoto mai inci 6 da 4 yana bukatar ɗigo 1,800 da 1,200. Na asalin da na share da ya isa a wanko mai inci 13 da 10. Ni kuwa na mai da shi 600 da 450, wanda iyakar ƙarfinsa inci 2 da ɗaya da rabi. Rage hoto zubar da ɗigo ne. Tela yana iya yanke babbar riga ya ɗinka wa yaro taguwa, amma wa ya taɓa ganin taguwa ta koma babbar riga?

Watakila wani ya ce ai yanzu akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke gyara hoto. Gaskiya ne, mun ma gwada. Amma cike gurbi take yi da kintace. Fuska ta fito sumul, zanen da ke kuncinsa ya ɓace. Inna ta duba, ta duba, ta miƙo mini ta ce, "Wannan ba Malam ba ne."

Don haka, jama'a, ga shawarata. Na ɗaya, in za ka rage hoto don aikawa, ka yi kwafinsa ka rage, ka bar uwar yadda take. Na biyu, ka ajiye uwar a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa, tana kuma ɓata. Na uku, in kana ragewa ka bar tsawo da faɗi su ragu tare, in ba haka ba fuska ta miƙe kamar gora. Na huɗu, in za ka aika wa mai bugawa ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, don ta haka yake isa da cikarsa. Malamai kuma, ina roƙonku ku koya wa yara wannan a aji, gama kusan kowace takardar neman makaranta ko aiki tana tafe da hoto.

Hoton Baba yana nan a ɗakin Inna, ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Da na sani ƙeya ce. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Tsafe.