Shekarar da muka fara zama NECO

A 2000 muna ajin ƙarshe na sakandare a Minna, kuma mu ne rukunin farko da ya zauna jarrabawar kammala sakandare ta NECO. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa hukumar a 1999, hedikwatarta kuma a garinmu. Wannan kaɗai ya kumbura mana kai. Daga Bosso har Tunga zancen ɗalibai ɗaya ne: jarrabawar gida ce, ba za ta yi zafin WAEC ba.

Zancen ya kai kunnen malaminmu na Turanci. Wata safiya ya shigo, ya ɗauki alli ya rubuta bank on a kan allo, ya ce wa ya san ma'anarta. Wani daga baya ya ce, "Malam, ajiye kuɗi a banki." Aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce yaron bai yi nisa da gaskiya ba, domin wanda ya ce bank on ya wuce fata, ya sakankance, har ya fara cin bashi a kan abin da bai shigo hannunsa ba. Ya bambanta mana ita da count on, wadda aka fi faɗa wa mutumin da ka amince ba zai ba ka kunya ba. Ya kuma ja mana kunne cewa aikatau ɗin da ya biyo ta dole ya ƙare da ing: bank on passing. Nan masu gyaran takarda suke kama ɗalibai.

Abin da ya fi tsaya min shi ne tambayar wata ɗaliba: "To Malam, ina wurin in sha Allah a ciki?" Ya ce babu, shi ya sa su kansu Turawa sun fi amfani da ita wajen gargaɗi. Ya juya ya rubuta don't bank on it, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowa ya ji ba. Abokina tun kafin sakamako ya fito ya sayi akwatin ƙarfe, ya kai wa tela yadi, yana gaya wa 'yan unguwa zai shiga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso. Sakamako ya zo: ya ci Turanci da kiredit, lissafi ya kayar da shi. Akwatin sai ƙanwarsa ce ta tafi da shi makarantar kwana, shi kuwa ya koma darasin yamma a Kpakungu, ya sake zama jarrabawar a shekarar da ta biyo baya.