Me Za Mu Sauke Kafin Hawan Tudu?

'Yan'uwa cikin Kristi, ran Asabar bayan koyon waƙa mun kalli tseren hawan tudu na Shelsley Walsh a Ingila a wayar ɗayanmu. Tun 1905 ake yin sa. Mutum yakan ɗauki motar hawansa, ya cire kujerun baya da safaya taya don rage nauyi, ya ƙara ƙarafan kariya, ya gyara birki.

Jikinmu ya yi sanyi. Wata uku ke nan wasunmu ba sa gaisawa saboda kuɗin zumunta. Addu'a muka cire, muka loda gaba. Ku karanta Ibraniyawa 12:1. Ran Lahadi mu nemi gafarar juna kafin sujada. Ubangiji ya taimake mu. Amin.