Taliya, inabi da zabibi: kwana tara a tsibirin Sisiliya



A farkon daminar shekarar 2022 mahaifinmu, Malam, ya kira mu zaure bayan sallar isha'i, ya ce yana so mu je mu gano masa ƙanenmu wanda ya shekara shida a ƙasar Italiya. Yaron yana aiko da kuɗi, yana kuma kiran waya kowace Juma'a, amma duk da haka zuciyar tsohon ba ta kwanta ba. Abu biyu kaɗai ya ɗora mana: mu ga abin da yaron yake ci, mu ga kuma mutanen da yake ci tare da su. Ya ce: «Abin da ya shiga ciki shi ke zama jini, jinin nan kuwa da shi ake tsayuwa salla.» Da yake zuwa da kai ya fi aike, muka shiga neman biza, ba mu samu tashi ba sai a watan Satumba.

Daga Yamai muka sauka Tunis, daga can muka shiga jirgin ruwa, ya kwana yana tafiya da mu har Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya, wanda littattafan Larabci ke kira Siƙilliya. Barci bai ɗauke mu ba a daren nan, saboda tunani biyu. Na farko, wannan ruwa ne ƙanenmu ya ƙetare cikin kwalekwalen roba daga Libiya a 2016. Na biyu, shi ne kuma ruwan da Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan, almajirin Imamu Malik, ya ƙetare da rundunarsa daga Susa a shekarar 827, ya sauka Mazara. Palermo ta shiga hannun musulmi a 831, ta zauna a hannunsu har Normandawa suka karɓe ta a 1072. Matafiyi Ibn Hauƙal, wanda ya ziyarce ta a 973, ya ƙidaya masallatai fiye da 300 a cikinta. Da ƙanenmu ya tarye mu a tashar jirgi, wurin da ya fara kai mu shi ne ƙofar babbar majami'ar birnin, inda har yau akwai wani ginshiƙin dutse da aka sassaƙa ayar Suratul A'araf a jikinsa.

Tarihin taliya ma yana da igiya a wannan zamani. A shekarar 1154 malamin ilimin ƙasa, Sharif al-Idrisi, ya kammala littafin da ya rubuta wa sarki Roger na biyu, a ciki ya ambaci garin Trabiya, mai nisan kimanin kilomita 30 gabas da Palermo. Ya ce a can ana yin wani abincin gari mai kama da zare, ana kiransa itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen musulmi da na nasara. Yau mutumin Italiya yana cin kimanin kilo 23 na taliya a shekara, kuma tun 1967 dokar ƙasar ta sharɗanta cewa busasshiyar taliya da alkama mai tauri ake yin ta. Kunnen Bahaushe kuwa ba ya rasa jin kusancin da ke tsakanin «taliya» da «Italiya».

Ranar Lahadi ƙanenmu ya ce lalle sai mun je gaishe da wata tsohuwa a karkarar Marsala, tafiyar kimanin awa biyu a mota yamma da Palermo. A gidanta ya zauna shekara biyu lokacin da yake aikin gona. Yana kiranta Nonna, wato kaka, ita kuwa tana ce masa ɗana. Mun same ta ta riga ta kwaɓa garin alkama da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ba ƙwai, ta rufe shi ya huta. Sai ta riƙa gutsura tana murzawa kamar igiya, tana naɗe kowane sili a jikin siririn tsinke, ta mirgina shi da tafin hannu, ta zare tsinken, sai ga taliya a murɗe kamar ƙahon rago. Sunanta busiate, daga sunan karan ciyawar da ake naɗe ta a kai tun da. Muka tuna da iyayenmu mata da injin murza taliya a tsakar gida, da yadda ake shanya ta a kan igiya.

Miyar ba ta ga wuta ba. A turmin dutse ta daka tafarnuwa da gishiri, ta zuba ganyen ɗoɗɗoya irin tasu, da ƴaƴan lauz waɗanda suka ɗan fi gujiya girma, da ɗanyen tumatir da aka ɓare, tana tsiyaya man zaitun kaɗan-kaɗan. Taliyar kuwa ta tsame ta tun tana da sauran ƙarfi a haƙori, domin a wurinsu taliyar da ta yi laushi sosai ta lalace. Bayan wannan ta kawo kifi sardin da aka cusa wa garin burodi da zabibi aka gasa. Muka ci har muka ji kunya.

Wani abu ya ɗauki hankalinmu a teburin: ruwa ne da lemun tsami a tsakiya, babu kwalbar giya, alhali a wannan ƙasa cin abincin Lahadi ba giya kamar tuwo ne ba miya. Ƙanenmu ya gaya mana cewa tun makon farko da ya shiga gidan, da ta lura ba ya taɓa wasu abubuwa, ta zaunar da shi ya lissafa mata abin da addininsa ya hana. Washegari ta sayo sabuwar tukunya da kasko, ta ware su dominsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a girkin Italiya haram tana ɓuya inda baƙo ba ya zato. Ana yayyafa giya a kan nama lokacin suya, ana haɗa naman sa da na alade a miyar niƙaƙƙen nama, ana kuma sa kitsen alade a wasu irin burodi da kayan zaƙi. Duk wanda zai je can ya riƙe kalmomi uku: maiale, alade, strutto, kitsen alade, vino, giyar inabi. Ya tambaya kafin ya miƙa hannu, ba za a ji haushinsa ba.

Ɗan tsohuwar, magidanci mai kimanin shekara hamsin, yana aiki a wata ma'ajiyar giya a bakin garin. Cikin karamci ya gayyace mu washegari mu ga wurin aikinsa. Muka yi shawara a tsakaninmu, muka yarda za mu je mu ga gona da ginin, mu tsaya nan. Masana sun ce sunan Marsala daga Larabci yake, ko dai Marsa Ali ko Marsa Allah, wato matsayar jiragen ruwa. Amma abin da ya sa duniya ta san garin shi ne giyarsa. A 1773 wani ɗan kasuwa Bature daga Liverpool, John Woodhouse, ya ƙara wa giyar wurin barasa don kada ta lalace a hanyar teku, ya kai ta Ingila ta samu kasuwa. Mun ga gangunan katako jere cikin dogon zaure mai duhu da sanyi, wasu sun fi tsayin mutum, ana barin abin da ke ciki shekaru yana tsufa. Warin wurin kaɗai ya isa ya juya kan wanda bai saba ba.

A ƙarshen zauren akwai ɗakin ɗanɗano. Daga bakin ƙofa muka hango baƙi sun kewaye tebur, kowa da kofin gilashi mai doguwar ƙafa. Su ɗaga shi su dubi launi, su kaɗa, su sansana, su kurɓa, waɗansu su tofar a cikin wani ƙoƙon ƙarfe. Mai masaukinmu ya ja mana kujeru. Muka ce ya yi mana gafara, nan ne iyakarmu. Ya ce ai ɗanɗano ne kawai, mu tofar in mun so. Ta bakin ƙanenmu muka bayyana masa cewa a wurinmu kaɗan ɗinta da mai yawa hukuncinsu ɗaya, kuma an hore mu kada mu zauna a teburin da ake zagayawa da ita. Fuskarsa ta canza, ya juya ya bar mu tsaye. Muka fita waje cikin damuwa, muna ganin mun ɓata wa ɗan matar da ta riƙe mana yaro rai.

Jim kaɗan sai ga shi da faranti: burodi, da man zaitun, da nonon inabi fari mai ƙamshi. Ya ce tun da ba za mu ɗanɗana aikin ganga ba, mu ɗanɗana aikin ƙasa. Muka zauna a inuwa muka ci tare. Da muka tambayi sunan inabin ya ce zibibbo. Muka dubi juna da ƙanenmu muka yi dariya, domin zabib ɗin Larabawa ne, zabibin da muke sayowa a tsarabar Makka. Sai ayar Suratun Nahli ta faɗo mana a rai, wadda ta ambaci dabino da inabi, ta nuna cewa daga itace guda mutane ke fitar da abin maye, su kuma fitar da abinci mai kyau.

A cikin mota, kan hanyar komawa Palermo, ƙanenmu ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce: «Yaya, inabin da na tsinka kaka biyu, cikin gangunan nan ya shiga.» Ya ce da farko bai tsaya tunani ba, yunwa da bashin hanya sun sha masa kai. A kaka ta biyu ya tuna karatun zaure, inda Malam ya karantar da su cewa malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi giya, kuma laifin bai tsaya ga mai sha kaɗai ba. Shi ya sa ya bar gonar da gidan tsohuwa. Kuɗin rufin kwanon da aka yi wa ɗakin Inna daga wannan aiki ya fito, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Inda yake aiki a lokacin ziyararmu wani ɗan gidan abinci ne mai tebur takwas kusa da kasuwar Ballaro, na wani mutumin Afganistan. Ba a sayar da giya a wurin, nama kuwa daga mahaucin musulmi yake zuwa. Kwanon abinci yuro goma ne, wajen jikka shida da rabi na sefa. Mai wurin ya fito daga filin Shamali, arewa da Kabul, ya biyo ta Iran da Turkiyya da Girka, rabin tafiyar da ƙafa. Tun da gwamnati ta sauya a Kabul a watan Agusta 2021 ya daina maganar ranar komawa.

Bayan an rufe wurin sai aka ture tebura, aka shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, wanda suke kira dastarkhan, mai gida da ma'aikata kowa ya wanke hannu ya zauna. Aka kawo kabuli palau, shinkafa dogayen ƙwaya da aka turara a romon naman rago, an lulluɓe ta da soyayyen karoti da zabibi. Aka kawo bolani, burodi maras kauri mai cushen dankalin turawa. Sai mantu: kwaɓaɓɓen gari da aka murza ya yi siriri, aka ƙunshe niƙaƙƙen nama da albasa a ciki, aka turara, aka zuba masa kindirmo mai tafarnuwa da busasshen na'ana'a. Mai gidan ya nuna ƙanenmu ya ce duk wurin ba wanda ya kai shi iya murza garin mantu. A hannun Nonna ya koya.

Da shayi ya zo, muka ba shi labarin Marsala. Ya ce shi ma ɗan manomin inabi ne. A ƙauyensu ana shanya inabi a dogayen ɗakunan laka masu tagogi da yawa har ya zama zabibi, wanda suke kira kishmish. Wani kuma a rufe shi ɗanye cikin ƙwarya biyu ta laka da ciyawa, a liƙe bakin, sunanta kangina, a fasa ta tsakiyar hunturu a sami inabin kamar jiya aka tsinko shi. Muka tashi muka yi isha'i a bayansa, shi Bahanafe mu Malikawa, a kan kwalayen da aka shimfiɗa tsakanin buhunan shinkafa.

Da muka dawo gida muka zayyana wa Malam kome, har da zancen rufin kwano, domin ƙanenmu ya roƙe mu kada mu ɓoye. Malam ya daɗe yana jan carbi. Sa'an nan ya ce a gaya wa yaron ya yawaita istigfari, ya fitar da sadaka gwargwadon abin da ya samu a kaka biyun nan, kaɗan-kaɗan yadda ba zai ƙuntata ba, kuma barin aikin da ya yi da kansa ya fi masa daɗi a kan duk kuɗin da ya taɓa aikowa. Ya sa aka nemo jakar fata ta Agadas mai kyau a aika wa tsohuwar, ya ce wadda ta sayi tukunya domin addinin ɗan wani tana da hakki a kanmu.

Iyaye da yawa cikin masu karanta wannan mujalla suna da ƴaƴa a bayan teku. Idan sun kira waya, kafin a tambaye su nawa za su aiko, a tambaye su me suka ci yau, da wa suka ci, kuma daga wane aiki. Allah ya tsare mana zuriyarmu a duk inda suke, ya ciyar da mu da su daga halal, ya saka wa duk wanda ya kyautata wa baƙo da shiriya da alheri. Amin.